Biyayya Irin Tamu ta Bakin Iyaka

Duk wanda yake son ya ga biyayya tsagwaronta, ya hau mota daga Katsina ya kama hanyar Jibiya, ya zuba ido ya ga yadda muke yi in an ɗaga mana hannu a shinge. Tun daga nesa direba zai rage gudu ya kashe rediyo, fasinjan da ke ta zuba a kan gwamnati tun daga tasha ya haɗiye sauran maganarsa, kowa ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, barka da aiki." "Yallaɓai, sannu da rana." A ce mu sauka, mu sauka. A ce a buɗe but, a buɗe. A ce a kwance buhun nan, mu kwance har muna tambaya ko a zazzage shi ne gaba ɗaya. Ba mai cewa sai ya yi addu'a tukuna ya ji ko Ruhu ya yarje masa, ba mai neman a ba shi mako biyu ya yi tunani. In muka wuce Magama muka nufi Ɗan Isa, jandarma ya miƙo hannu yana neman takarda, Faransancin da ba mu san muna da shi ba sai ya zubo da kansa. Mu ɗin nan ne kuwa, da wannan bakin, ranar Lahadi za a karanta mana abin da Ubangiji ya umarta ƙarara, sai ka ji duk mun koma lauyoyi: ai lokacin da aka rubuta wannan ba a san tsadar shinkafa ba, ai Allah zuciya yake dubawa, ai sannu ba ta hana zuwa.

In na ce "mu", ina nufin mu masu bin Yesu Almasihu da neman abinci ya tara a bakin wannan iyaka. Akwai Hausawa 'yan gida daga wajen Malumfashi da Ƙafur, akwai mutanen kudancin Kaduna da Filato da aikin gwamnati ya jefo, akwai 'yan'uwanmu Ibo masu shagunan magani da kayan gyaran mota waɗanda Hausarsu ta fi ta wasunmu daɗi, akwai masu kaki da aka turo aiki, ga kuma 'yan'uwa na tsallake, mutanen Maraɗi da Tsibiri da Danja, waɗanda muke karanta Littafi Mai Tsarki ɗaya da su cikin harshe ɗaya. Wasunmu 'yan ECWA ne, wasu Katolika, wasu Angilikan, wasu Baftis, wasu kuma masu ganga da lasifika har asuba. A kan baftisma da tsarin sujada mukan sha bamban, har a yi ta jayayya ana buɗe aya, amma in aka zo ga ciniki da Allah a kan umarninsa, jirgi ɗaya ya kwaso mu, kada wani ya ɗaga hanci.

Abin da zaman bakin boda ya koya mana shi ne kowace doka tana da farashi, kowane shinge yana da ɓarauniyar hanya a bayansa, kuma in ka iya gaisuwa, ka san abin da za ka dunƙule a hannu, za ka wuce. Wannan ilimin muka kwasa muka shiga da shi majami'a. Mun ɗauki Ubangiji kamar mai tsaron shinge: a gaishe shi da ladabi, a rera masa waƙa mai daɗi, a miƙa na goro, ya kau da kai mu wuce da kayanmu yadda muka ɗauro su. Ba mu taɓa faɗin haka da baki ba, wa ya isa, amma a zauna a dubi al'adunmu ɗaya bayan ɗaya, za a ga haka abin yake.

Ranar Lahadi ita ce fitinarmu ta gida. Kasuwar Jibiya ranar Lahadi take ci, kuma kasuwa ce ta gaske, mutanen Nijar da na Zamfara da na Katsina duk a nan suke haɗuwa. Saboda haka mai shago a cikinmu yakan shigo sujada da gangar jiki, ransa yana can bakin rumfa. Mu ne masu neman benci kusa da ƙofa. Mu ne masu duban agogo tun Baba Fasto bai gama karanta nassi ba, in ya ce "na ƙarshe" mu amsa da amin mai ƙarfi, in ya sake cewa "na ƙarshe" sai ka ji tari ya kama dattawa. Waya tana aljihu tana motsi, a sunkuyar da kai kamar ana addu'a, a raɗa wa yaron shago kada ya kuskura ya rage ko sisi. Kafin a rufe baki da addu'ar sallama babura sun tashi. Neman halak ba laifi ba ne, kuma wanda ya ga shekarun da kasuwa ta mutu ba zai raina cinikin Lahadi ba. Sai dai awa biyu kacal muka ce na Ubangiji ne, su ma muna gutsurar gefensu, alhali ranar da aka ce ana tantance takardu a ofis wuni guda za mu yi a layi cikin rana, ba mai tambayar ƙarfe nawa.

Lokacin baiko kuwa, a nan ake ganin gwaninta. Akwai wata ɗari biyu da kowa a cikinmu ya san ta. Ta sha duniya har hoton Sardauna ya dushe, ta yage a tsakiya an liƙe ta da salatif, kusurwa ɗaya ta tafi. Mai shayi ya juya ta ya mayar, ɗan acaɓa ya ce ko kyauta ba ya so, mai ƙosai ta ce a kawo wata. Sai a ninke ta huɗu a ajiye ta a aljihun kayan Lahadi. Ana kaɗa ganga, Zumuntar Mata suna waƙa, mu taso muna rausaya, hannu a dunƙule kamar mai riƙe da zinariya, a tura shi can cikin jaka har wuyan hannu kada ido ya gani. Bayan an tashi ma'aji ya zazzage, shi kaɗai ya san irin abin da yake gani: naira mai ciwo, da sefar da 'yan canji suka ƙi. Annabi Malakai ya yi wa mutanen zamaninsa faɗa a kan daidai wannan, da suke zaɓo makauniyar dabba da gurguwa su kai hadaya, har ya ce su gwada kai wa gwamnansu irinta su gani. Mu ma a gwada miƙa wannan ɗari biyun a bakin shinge. Ba wanda ya taɓa yi, domin can sabuwa fil muke zarowa.

Lissafi bai taɓa yi mana wuya ba. Farashin sefa na safe daban, na yamma daban, mun san jikka nawa ce ta zama naira nawa, ba a isa a cuce mu da dala ɗaya ba. In aka zo ga zakka, ɗaya bisa goma ce kawai, sai kai ya ɗaure. A cire kuɗin mota, a cire bashi, a cire abin da ake sa ran za a yi asara nan gaba, a cire na makarantar yara, abin da ya rage a raba shi goma, shi ma a ce sai wata ya ƙare.

Sai babbar magana, wadda in an taɓo ta majami'a takan yi tsit, wato kayan da ke bin ɓarauniyar hanya. A nan dole a yi adalci, domin mun sha wuya. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. A tsakani, cikin 2021, saboda 'yan bindiga gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layin waya. Ba mu gama numfasawa ba sojoji suka hamɓarar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake garƙame ƙofa har zuwa Maris na 2024. Garin da ke ci daga iyaka in aka rufe iyakar, ba sai an faɗa ba. Direbobi suka zauna, 'yan dako suka zauna, masu abinci a tasha suka kife tukwane, gidaje da yawa suka koma ci sau ɗaya. A waɗannan shekarun ne muka samu wata amsa guda da ke korar kowane mai bin bashi: "Yi haƙuri ɗan'uwa, sai an buɗe boda."

Hujja kuwa ba ma rasa ta. Mukan ce wannan layin Turawan Ingila da Faransa suka ja shi a farkon ƙarnin da ya wuce ba su tambayi kowa ba. Mukan ce Maraɗi ai Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, har yau sarkinta Sarkin Katsina ake ce masa, kakar wannan tana can, surukan wancan suna nan, to wace ƙasa ce waje? Duk gaskiya ne. Masu karatu a cikinmu har sukan jawo Bitrus, su ce ai shi ma ya tsaya gaban majalisa ya fifita umarnin Allah a kan na mutane. Haka ne, amma abin da aka hana Bitrus shi ne wa'azi da sunan Yesu, kuma bulala ya sha a kai, ba buhun shinkafa 'yar waje ya goyo a babur ba. Bulus da ya rubuta wa masu bi na Roma su biya haraji, ƙarƙashin Kaisar yake zaune, gwamnatin da ba ta san tausayi ba. Ubangiji da kansa, da aka kawo masa tarkon haraji, tsabar kuɗi ya sa aka nuna masa, ya raba wa kowa hakkinsa. Wannan sashen mukan karanta shi da sauri.

Mu ne kuma masu tashi lokacin ba da shaida. Ɗan'uwa ya karɓi makirfo ya ce, "Ku taya ni godiya, daren jiya na taso da kaya, shinge bayan shinge Ubangiji ya rufe idanunsu, ko tsayar da ni ba a yi ba." Mu tafa, mata su rangaɗa guɗa, ba mai tambayar wane irin kaya ne. Kafin ya tashi ma wataƙila ya sa an ɗora wa motar hannu an yi addu'a. Ni dai ba ni da bakin da zan ɗora wa gwauruwar da ta ratso daji da tiya biyu a ka don marayunta, Allah ya san yunwarta, kuma ikilisiyar da ta bar ta ta kai ga haka ita za a fara tambaya. Amma kada mu ɓuya a bayan zanen gwauruwa. Wanda yake loda mota ba yunwa ce ta kore shi ba, riba ce. Jarkar fetur da ke shiga daji da dare kuwa, mun san inda wani lokaci take ƙarewa: a tankin babur ɗin da zai zo ya ɗauki ɗan maƙwabcinmu. Wanda ya sayar da ita ya zo ya durƙusa yana roƙon Allah ya kawo ƙarshen 'yan bindiga, da wane baki?

In kaka ta yi aka zo bikin godiya, sai mu wanke duka da babbar kyauta. Wanda aka san hanyar kuɗinsa ya jawo rago da buhuna gaban bagade, a kira sunansa, a yi masa tafi na musamman, wataƙila baɗi a sa shi cikin kwamitin gini. Labarin Sarki Saul ke nan, ba a canza ko wasali ba. An aike shi kan Amalekawa da umarnin kada ya bar komai, ya tsince kyawawan tumaki da shanu ya bar sarkinsu Agag da rai, sa'an nan ya tarbi Annabi Sama'ila da fara'a yana cewa ya cika aiki. Tumaki kuwa ba su san sirri ba, suka yi ta kuka a bayan zango. Da aka tambaye shi, ya ce ai jama'a ne suka keɓe su don hadaya. Sama'ila ya nuna masa Allah bai aike shi neman dabbar yanka ba, jin magana ya nema a wurinsa, kuma a kan wannan sarauta ta kuɓuce masa. Saul fa bai ƙi tafiya yaƙin ba, ya yi mafi yawan abin da aka ce, ɗan abin da ya ga dama ya rage ne ya kayar da shi. Mu ma kowa da tunkiyarsa a bayan gida, kuma maƙwabta suna jin kukanta ko mun ƙure ganga.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a majami'un bakin iyaka shi ne yadda benci ɗaya ke haɗa mai kaki da ɗan kasuwa. Jiya sun haɗu a hanya, ɗaya ya miƙa, ɗaya ya karɓa, yau ga su kafaɗa da kafaɗa suna leƙen littafin waƙoƙi ɗaya, anjima su ci Jibin Ubangiji tare. In wa'azi ya taɓo cin hanci, ɗan kasuwa ya saci kallon mai kaki, in ya taɓo fasa-ƙwauri mai kaki ya rama kallon. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bishara kuwa ta san irin garinmu sarai. Da masu karɓar haraji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar me za su yi, bai ce su bar aiki ba, ya ce su tsaya iyakar abin da aka yanka musu. Sojoji ma bai ce su tuɓe kaki ba, ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Matiyu yana zaune a teburin karɓar kuɗin fito a Kafarnahum, wadda ita ma garin bakin iyaka ce a zamaninta, Yesu ya kira shi, ya tashi ya bar teburin nan take. Zakka na Yariko kuwa yaranmu na makarantar Lahadi sun haddace shi, gajeren mutum da ya hau ɓaure, mu ma a nan muke son labarin ya tsaya. Saukowarsa ce mai tsada, inda ya raba dukiyarsa biyu ya ba matalauta rabi, ya ce wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. An daɗe ba a ji wani ya tashi ba da irin wannan shaidar ba.

A shiga kasuwar hatsi a ga wata al'adar. Tiya biyu muke da su, kamanninsu ɗaya in ba a ɗaga ba. Ta saye an buɗa bakinta, cikinta ya faɗaɗa, in an cika ta har a tallabe tozon da hannu. Ta sayarwa an kifa ta an bubbuga gindinta ya shige ciki, yatsa biyu na gero sun tafi a kowane awo, mai saye yana tsaye yana kallo bai ga komai ba. A zuba tsakuwa a ƙasan buhu a rufe da mai kyau a sama, a rantse cewa ko uwar kuɗi ba a mayar ba. Littafin Karin Magana ya sha nanata yadda Allah yake ƙyamar ma'aunin zamba, maƙwabtanmu Musulmi ma addininsu ya yi kakkausan gargaɗi a kan tauye mudu, saboda haka ba wanda zai ce bai ji ba. Mu 'yan kaɗan ne a nan, kowa ya san mu da suna. Alhajin da ke rumfar kusa da kai ba zai taɓa buɗe Wasiƙar Yakubu ba, ba zai zo taron farkawa ba, amma ya san tiyarka, ya san ko kana biyan bashi, kuma da wannan zai auna Almasihun da kake ambata. Akwai cikinmu waɗanda ake ba su ajiyar kuɗi ba rubutu ba shaida saboda an gwada su an gani, irinsu sun yi wa'azin da lasifika ba ta yi ba.

A gida kuma kowa ya haddace ayar ɗan'uwansa. Maigida ko bai san inda Afisawa take ba ya san ta ce mata su yi biyayya, layin da ke ƙasa, wanda ya ɗora masa ƙaunar da ta kai ga ba da rai, ido ba ya kaiwa nan. Uwargida ta san nasa layin tsaf. Iyaye mun san yara su yi biyayya, mun manta an hana mu tsokanar su har su fusata. Gulma kuwa mun daina yinta tuni, sunanta yanzu batun addu'a: "Mama, ba don komai nake gaya miki ba, don ki sa 'yar gidan wane a addu'a ne," daga nan a warware zare da abawa, a tashi ba a yi addu'ar ba. Baki shi ke yanka wuya, kuma gidaje nawa ne batun addu'a ya raba?

Hausawa sun ce bin na gaba bin Allah, mun kuwa riƙe wannan inda ya yi mana daɗi. In baƙon mai wa'azi ya zo ya ce a yi azumin kwana uku a kawo kuɗin shuka iri don buɗin kasuwa, ba gardama, har bashi a ci. In fastonmu na gida, wanda ya binne iyayenmu ya ɗaura aurenmu, ya kira mu gefe ya ce, "Ɗana, je ka shirya da ɗan'uwanka," sai mu ce Baba ya fara shiga abin da ba ruwansa, a fara zancen ko lokacin canja shi bai yi ba. In aka sa mutum ƙarƙashin horo, mako mai zuwa ya koma majami'ar da ke bayan layi, a can kuma a karɓe shi hannu biyu. Mukan yi waƙar dogara ga Yesu kaɗai da rana, in dare ya yi ciwon yaro ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a lallaɓa wurin mai magani a ƙullo wani abu a ɗaura a ƙugu, wai kafin Allah ya amsa.

Waɗanda suka riga mu ba haka suka ɗauki abin ba. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin kawo bishara ƙasashen nan namu, biyun farko suka mutu a 1894 ba su ga amfanin komai da idonsu ba. Aikin da suka fara, wato SIM, ya kai Damagaram a 1924, ya kafa asibitin Galmi a 1950, ya yi jinyar kutare a Danja kusa da Maraɗi da Babbar Ruga kusa da Katsina. Ba Turawan kaɗai ba, iyayenmu ne ma'aikatan jinya da masu bishara da suka wanke gyambon mutanen da danginsu ma ba sa cin abinci kwano ɗaya da su, suka taka ƙauyuka da ƙafa da keke, wasu aka kore su daga gida aka hana su gado, ba su ja da baya ba. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, aikin da Likita Walter Miller ya yi shekaru a kansa. ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954. A ƙarshen 2023 Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, ya zama bishop na farko na Katolika a Katsina, muka yi murna duka, har da waɗanda ba Katolika ba. Gado muke da shi mai nauyi. Littafin da aka sha wannan wahala a kansa yanzu yana gaban mota don tsari daga haɗari, ko a ƙarƙashin matashi, cikinsa cike da rasit da katin biki.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka da biyayya ake sayen ceto. Ceto alheri ne, an riga an biya a kan gicciye, ba abin da za mu ƙara. Amma Ubangijin da ya cece mu shi ne ya ɗaure ƙaunarsa da kiyaye maganarsa, bai bar mana wata hanyar nuna ƙaunar ba. Shi kansa a Gatsemani ya roƙa a ɗauke masa abin da ke gabansa, gumi yana zuba, sa'an nan ya miƙa wuya ga nufin Uba, kuma da bai miƙa ba da ba mu da abin waƙa ranar Ista. Ya ba da misalin 'ya'ya biyu da uba ya aika gona, ɗaya ya amsa da ladabi bai je ba, ɗaya ya ƙi da farko daga baya ya ɗauki fartanya. Mu mun iya amsawa da ladabi, a wannan ba a fi mu ba. Umarnin nan kuma don lafiyarmu aka ba da shi. Garin da kowa ke auna daidai, ke biyan bashi, ke riƙe bakinsa, garin da ba mai kai wa daji fetur, ai shi ne garin da muke roƙo kullum a taron addu'ar Laraba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Akwai umarni ɗaya da ko ni in na zo kansa sai na yi shiru tukuna, wato ƙaunar maƙiyi da yi masa addu'a. A ƙasar da aka kashe manoma a gonakinsu, aka kwashe mata da yara, aka sayar da gona da shanu don kuɗin fansa, Musulmi da Kirista duk wuƙa ɗaya ta yanke mu, wa zai tsaya gaban uwar da aka kashe wa ɗa ya karanta mata wannan da sauƙi? Addu'ar wuta ta fi zuwa bakinmu da sauri, kuma Allah ya san zafin da ke fitar da ita. Neman hukuma ta kama mai laifi ta hukunta shi daidai ne, ba wanda ya hana. Abin da aka hana mu shi ne mu bar ƙiyayya ta yi gida a zuciya har mu fara yi wa kowane Bafulatani da kowane baƙo kuɗin goro, mu koya wa yaranmu haka. Mun iya kai wa maƙwabta shinkafa da kaza ranar Kirsimeti, su ma su kawo mana naman layya, wannan kyakkyawar al'ada ce, Allah ya bar mu da ita. Yafe wa wanda ya cuce ka da gaske shi ne inda ake sanin wanda ya ji kira, kuma na ga tsofaffin mata a cikinmu da suka yi shi da hawaye, suna kiran sunan Yesu, ba su da digiri ba su da muƙami a ikilisiya.

Ga layin dogo nan ana shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kuma ta Katsina da Jibiya zai bi. In Allah ya sa ya kammala, kaya za su ƙaru, kuɗi za su ƙaru, baƙi za su cika gari, hanyoyin kaucewa ma za su ƙaru. Gara mu gyara hannunmu tun ciniki yana ƙarami. Mama, ki zaɓi tiya ɗaya cikin biyun nan ki jefar da ɗayar. Yallaɓai mai kaki, albashi ya yi kaɗan, mun sani, ka zo mu yi kuka tare mu taimaki juna, amma ka mayar da hannun nan aljihu. Ɗan'uwa mai mota, kafin ka kawo ta a ɗora mata hannu, ka buɗe but Baba Fasto ya gani. Wanda kuma ake binsa bashi tun 2019 yana cewa sai an buɗe boda, an buɗe ta tun Maris na 2024, a je a biya mutane kuɗinsu.